Kujerar da Tahir Ya Janye

Akwai wani tela a unguwar Lamisula da ke Maiduguri, sunansa Tahir. Mutum ne mai hannu, ba shi da yawan magana, kuma duk unguwar an san shi da abu guda: in Tahir ya ce maka ka zo ranar Alhamis, to Alhamis ɗin za ka karɓi kayanka. Wanda ya taɓa kai ɗinkin sallah wajen tela ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban amininsa ba ɗan garin ba ne. Nnanna ne, mutumin kudu, Kirista, mai shagon kayan wutar lantarki a Kasuwar Kwastam. Ya girmi Tahir nesa ba kusa ba. Sun saba ne tun Tahir yana saurayi yana koyon ɗinki a wata rumfa da ke kallon shagonsa. Tun daga lokacin Nnanna bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "ƙanena". Shi kuma Tahir "Yaya" yake ce masa.

A shekarun da gari ya rikice, 'yan'uwan Nnanna da yawa sun rufe shaguna sun tafi. Shi bai tafi ba. Akwai lokacin da matarsa Nwanneka, wadda ake kira Maman Amaka, ta kwashi 'ya'yanta suka ɓuya a ɗakin matar Tahir har ƙura ta lafa. Ba sa tayar da zancen nan, amma kowannensu yana riƙe da shi a zuciya.

Abin da Nnanna yake taƙama da shi a duniya ba shagon ba ne, sunansa ne. Sau da yawa za ka ji yana cewa da Hausarsa mai daɗi:

"Na tsufa a garin nan, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa ya ce na cuce shi. Ranar da zan koma gida, shi ne kayan da zan ɗauka."

Duk ranar Lahadi bayan la'asar, su kan taru a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gidan Nnanna su yi wasan karta, wanda ake kira foka. Nnanna ne ya koyo shi a Legas. Na san wasunku sun riga sun ɓata rai, to ku kwantar da hankalinku, ba caca suke yi ba. Tun ranar farko Alhaji Umara, wani dillali a Kasuwar Shanu, ya rantse cewa in aka ɗora ko sisin kwabo a teburin nan ba za a sake ganin ƙafarsa ba. Saboda haka da ƙwallayen dabino suke yi. Kowa a ba shi tulinsa, a yi ta fafatawa, magariba na yi a tashi.

Tahir ba ya wasan. Shi ne mai raba kati, shi ne kuma alƙali, domin kowa ya yarda da shi. Shi ya kawo musu wani ƙaton farin maɓalli da ya cire daga tsohuwar kwat. Maɓallin nan a kan tebur yake zama, kowane zagaye sai a matsar da shi gaban mutum na gaba. Mutum biyun da ke bin maɓallin dole su zuba ƙwallaye a tsakiya tun kafin su ga katinsu. Na farko ya yi ƙaramin zubi, na biyu ya yi babba, ninkin ƙaramin. Katinka ya yi kyau ko ya ɓaci, ka riga ka zuba. Haka nauyin yake zagayawa, yana sauka a kan kowa bi da bi.

Suna da wata doka da ba sa wasa da ita. In ƙwallayen mutum suka ƙare ya fita, ba a ɗauke kujerarsa. Tana nan a wurinta, ana ƙirgawa da ita kamar mai ita yana zaune, har sai maɓalli ya zo gabanta ya wuce. In ƙaramin zubi ya faɗa kanta, to a wannan zagayen babu mai yin ƙarami. Dalili kuwa shi ne, in aka janye ta nan take, wanda ke gefenta sai ya tsallake babban zubi, nauyinsa ya faɗa kan maƙwabcinsa tun lokacinsa bai yi ba.

Nnanna ne da kansa ya kafa dokar, bayan wata rigima da ta kusa watsa zaman. Ya ce ba wanda zai ci dabino a teburinsa ya bar wa wani ƙwallon. Tun daga ranar, ko Alhaji Umara mai gardamar tsiya bai taɓa taɓa kujerar wanda ya fita ba.

Sau ɗaya a shekara suna yin gasa. Ranar ba a ƙara wa kowa ƙwallo, wanda nasa ya ƙare ya fita ke nan, har a rage mutum ɗaya. Kyautar kuwa wata tsohuwar butar shayi ce ta tagulla, duk ta lotse a gefe. Wanda ya ci shi zai riƙe ta shekara guda, shi ne kuma zai riƙa dafa wa sauran shayi. Wahala ce dai aka sa mata sunan kyauta, amma da za ka ga yadda dattawan nan ke zare ido a kanta, sai ka rantse kujerar mulki ce.

Kowa ya taɓa cin butar nan, ban da wanda ya kawo wasan. Nnanna bai taɓa ba. Alhaji Umara yakan ce masa, "Kai ka haifi yaron, amma mu yake wa biyayya." Nnanna ya yi dariya, amma Tahir ya san abin yana masa ciwo.

Sai ciwon suga ya taɓa wa Nnanna idanu. Da farko ƙananan rubutu ne ba ya gani, daga baya har fuskar mutum sai ya matso kusa. 'Ya'yansa suka tsaya kai da fata sai ya koma gida kusa da su. Ya sayar da shagon, Maman Amaka ta fara ɗaure kaya. Aka sa ranar Talata za su bi motar safe. Ranar Lahadin da ta gabace ta kuwa, ita ce ranar gasa.

Tahir ya shiga damuwa, ba ya iya faɗa wa kowa. Ya zauna ya ɗinka wa yayansa kaftani na farar shadda, ya yi masa aiki da hannu a wuya, ya nemo hula zanna mai kyau. Duk da haka zuciyarsa tana gaya masa bai yi komai ba. So yake mutumin nan ya bar Maiduguri yana dariya.

Ranar Lahadi aka hallara. Kafin a fara, Alhaji Umara ya ɗaga butar sama ya ce:

"Ku shaida. In Oga Nnanna ya ci yau, ba shekara guda ba, har abada tasa ce. Ya tafi da ita garinsu. In kuma bai ci ba, to ya tafi da haƙuri, shi ma kaya ne."

Aka yi dariya aka zauna. Saboda idanun Nnanna, sai ya kai kati dab da hancinsa kafin ya gane shi. Abin da ke tsakiyar tebur kuwa Tahir ne yake karanta masa, shi ne kuma yake gaya masa in zubi ya zo kansa. A teburin nan Tahir ne idanunsa.

Wasa ya yi nisa, rana ta yi sanyi, aka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya. Zubin dole kuma yana ta ƙaruwa, domin haka suke yi don a gama kafin kiran salla. Aka rage mutum huɗu, ga yadda suke zaune: Alhaji Umara, sai Wilson mai kemis, sai Nnanna, sai Baba Yoila.

Baba Yoila tsohon direba ne daga kudancin Borno. Tun da matarsa ta rasu ya ƙara yin shiru. Zaman Lahadin nan shi kaɗai ne yake fito da shi daga gida, kuma shi ne mutumin da bai taɓa ɗaga murya a teburin ba.

Kusan duk ƙwallayen sun taru a gaban Alhaji Umara. Abin da ya rage wa Nnanna bai cika tafin hannu ba, na Baba Yoila ma haka. Duk wanda babban zubi ya fara sauka a kansa a cikin su biyun, kusan ya gama.

A wannan zagayen Wilson ne mai babban zubi. Ya tura duk abin da yake da shi, Alhaji ya bi shi, aka buɗe kati, Alhaji ya kwashe. Wilson ya miƙe yana dafe kai yana cewa shanun Alhaji ne suke masa addu'a. Nnanna ya tashi ya rungume shi suna dariya. Daidai nan Maman Amaka ta fito da tire na soyayyar doya, wayar Alhaji kuma ta yi ƙara, yaransa ne daga kasuwa kan maganar motar shanu. Ya juya baya yana ta faɗa da yaren Kanuri.

Tahir ya dubi tebur ya yi lissafi. Bisa doka, maɓalli zai koma gaban Alhaji, ƙaramin zubi ya faɗa kan kujerar Wilson da ba kowa, babban zubi kuma na Nnanna ne. Zai cinye masa kusan komai. Yayansa zai sake fita hannu rabbana, a ranarsa ta ƙarshe.

Bai tsaya dogon tunani ba. Ya miƙe ya ɗauki kujerar Wilson ya ce, "Maman Amaka, kawo tiren nan, ga wurin ajiyewa." Ya kai ta gindin bishiya ya ɗora tiren a kai. Ya dawo ya matsar da maɓalli gaban Alhaji, ya fara cuɗa kati kamar ba abin da ya faru.

Nnanna ya zauna yana lalubar ƙwallayensa.

"Ƙanena, wanne ne nawa?"

Tahir ya kawar da kai. Ya ce, "Ƙarami, Yaya."

"To madalla." Nnanna ya zuba ƙarami, ko kokwanto bai yi ba.

Tahir ya juya ga Baba Yoila ba tare da ya haɗa ido da shi ba. "Baba, babba naka ne."

Baba Yoila bai motsa nan da nan ba. Ya dubi gurbin da kujerar take ɗazu. Ya dubi kujerar can gindin bishiya da tire a kanta. Sannan ya dubi Tahir, kallon da babu faɗa a cikinsa, wanda kuma ya fi faɗa zafi. Ya dubi Nnanna da ke ta murmushi yana tauna doya. Sai ya sa hannu biyu ya tura duk ƙwallayensa tsakiya, domin babban zubin ya haɗiye su kaf.

Katin da ya samu ba na kirki ba ne. Ya fita. Ya miƙe a hankali ya ce, "Allah ya ba mai rabo sa'a," ya koma gefe ya zauna kusa da Wilson.

Daga nan sa'a ta juyo wa Nnanna kamar an buɗe famfo. Ya ci wannan, ya ci wancan, Alhaji ya hasala ya fara tura ƙwallaye ba lissafi. Ana dab da kiran magariba, Alhaji Umara ya tura na ƙarshe, aka buɗe, Nnanna ya cinye.

"Chineke!" Nnanna ya kira sunan Allah da yarensu, ya daka tsalle kamar yaro. Ya rungume butar a ƙirji yana kiran matarsa ta zo ta gani. Ya kira babban ɗansa a waya yana ihu da yarensu. Sai ya kamo Tahir ya ƙanƙame shi, hawaye na zubo masa.

"Ƙanena, ka gani? Allah bai bar ni na tafi haka ba!"

Abin da Tahir yake so ke nan ya gani, ga shi ya gani. Amma ya ji zuciyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora masa kan keken ɗinki a ƙirji. Da shi da Alhaji suka je masallaci, sau biyu yana rikicewa a karatu.

Da aka dawo, aka zauna cin abincin bankwana. Alhaji Umara yana da wata ɗabi'a: in ya sha kaye, sai ya bi wasan daga farko yana neman inda ya yi kuskure. Yana cin tuwo yana ƙirgawa da yatsu. Can sai ya tsaya da loma a hannu.

"Tsaya tukuna. Da Wilson ya fita, wa ya yi babban zubi?"

Wilson ya ce, "Baba Yoila ne, ina tsaye na gani."

"Baba Yoila? Ai Oga ne ke gefenka. Ina kujerarka ta tafi?"

Duk suka juya suka ga kujerar a gindin bishiya, tire a kanta.

Alhaji ya tuntsire da dariya ya tafa hannu. "Lallai! Mai doka ya tsallake dokarsa! An kawo doya an ɗauke mana hankali, an janye kujera. Oga Nnanna, ashe duk shekarun nan lissafin ranar tafiya kake mana? Dama ana ce mana mu yi hattara da mutanen kudu, mu muna cewa namu daban ne."

Da wasa ya faɗa, haka bakinsa yake. Amma a tsawon zamansu ba a taɓa ambaton kudu ko arewa a ƙarƙashin bishiyar nan ba. Maganar ta faɗo kamar an yar da faranti.

Fuskar Nnanna ta canza. Ya ce, "Alhaji, ni ban ga kujera ba. Ko kai da ke gabana da kyar nake ganinka. Na tambaya, aka ce mini ƙarami."

A nan ne ya kamata Tahir ya buɗe baki. Kalma kaɗan ce: ni ne. Amma kunya ta kama shi ta ɗaure masa harshe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wataƙila rikicewa aka yi."

Alhaji ya ce, "Kai, Tahir? Kai da ko zare ba ka rikicewa da shi? Kar ka rufa wa yayanka asiri."

Baba Yoila ya ce a hankali, "Alhaji, a bar maganar. Wasa ne, ya wuce." Amma abincin ya riga ya fita ran kowa. Aka watse ba tare da an sha shayin sabon mai buta ba.

Tahir ya yi niyyar sulalewa, Nnanna ya riƙe masa hannu har tsakar gidan ya rage su biyu.

"Ƙanena, dube ni. Kuskure ka yi?"

Da ya ce e, da Nnanna ya yarda, domin bai taɓa ƙaryata shi ba. Amma Tahir ya kasa ƙara wata ƙaryar a kan ta farko.

"Ba kuskure ba ne, Yaya. Da gangan na janye ta. Don kai na yi. Na ga za ka sake fita, ga shi ranarka ta ƙarshe, na kasa jurewa."

Nnanna ya saki hannunsa.

"Don ni ka yi." Ya girgiza kai. "Na ba ka idanuna ka riƙe mini, sai ka ja ni ka kai ni inda ban taɓa taka ƙafa ba. Ka sa na ci haƙƙin Baba Yoila, mutumin da ba shi da kowa sai teburin nan. Na kira ɗana ina ihu. Na yi kuka a kafaɗarka, kana sane."

"Yaya, ƙwallon dabino ne fa."

"Na sani ƙwallon dabino ne! Da na faɗi, da na tafi da dariyata kamar kowace shekara. Kana jin abin da Alhaji ya ce mini, kana zaune ka yi shiru. Abu ɗaya na ce zan koma da shi gida, ƙanena. Ka san ko mene ne."

Ya ajiye butar a kan tebur ya shige ɗaki. Wannan ne karo na ƙarshe da Tahir ya ji kalmar "ƙanena" daga bakinsa.

Washegari Litinin Tahir bai buɗe shago ba. Ya fara zuwa Kasuwar Shanu ya sami Alhaji Umara a tsakiyar ciniki, ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya. Alhaji ya yi salati.

"Wayyo ni da bakina. Tahir, ai na riga na ba da labarin tun da asuba a wajen mai shayi. Da dariya na bayar, wallahi da dariya."

Tahir ya hau Keke Napep ya nufi Kasuwar Kwastam. Labari ya riga shi isa. Da Nnanna ya zo sallamar maƙwabtansa da safe, wani ya ɗaga masa murya daga rumfa: "Oga, an ce ka iya tsallake babban zubi! Allah ya sa ba haka ka yi mana a wayoyin wuta ba!" Aka yi ta shewa. Nnanna bai gama zagayen sallamar ba ya koma gida.

Tahir ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa shi ne ya yi, Nnanna bai sani ba. Wasu suka yarda. Wasu suka yi murmushi suka ce, "Allah sarki Tahir, ka cika ɗan halak, har yanzu kana kare shi." Gaskiyar da aka san shi da ita, ita ce ta hana a yarda da shi ranar da ya fi bukata.

Daga nan ya wuce gidan Baba Yoila. Ya tarar da butar tagulla a kan tabarma, Maman Amaka ta kawo ta tun da safe. Tahir ya durƙusa ya nemi gafara.

Baba Yoila ya ce, "Na yafe tun jiya. Na ga abin da ka yi, na kuma san dalilinka. Na yi shiru ne don kar in ɓata wa mutumin nan ranarsa. Da ka tambaye ni, ɗana, da na ce maka ka bar shi ya faɗi. Faɗuwa ba ta taɓa kashe shi ba."

Ranar Talata da safe Tahir ya tafi tasha da kaftanin a leda. Alhaji Umara ya riga shi zuwa, ya ba Nnanna haƙuri a gaban jama'a, sun tafa. Tahir ya matso ya miƙa ledar da hannu biyu.

"Yaya, ga ɗan abin da na ɗinka maka."

Nnanna ya karɓa. Ya shafa aikin wuyan da yatsunsa, ya daɗe yana shafawa, domin ya san hannun da ya yi shi. Tahir yana tsaye yana jira.

"Ya yi kyau," in ji Nnanna. "Na gode, Malam Tahir. Allah ya saka da alheri. A gaida iyali."

Ba zagi, ba ɗaga murya. Ya miƙa wa matarsa ledar, ta kama masa hannu suka shiga mota. Maman Amaka ce ta leƙo ta taga tana share hawaye tana ɗaga masa hannu. Tahir ya tsaya a wurin har motar ta ɓace, yana jin sunansa a kunnensa kamar na wani baƙo.

Lahadin da ta biyo baya, zaman ya koma ƙofar gidan Baba Yoila. Tahir bai yi niyyar zuwa ba, tsohon ne ya aika aka kira shi. Da ya zo ya ajiye maɓallin a kan tebur ya ce shi ya gama rabon kati. Ba wanda ya yi masa musu. Alhaji Umara da kansa ya tura maɓallin da katin gaban Baba Yoila, ya ce daga yau shi ne alƙali, butar ma tasa ce.

Baba Yoila ya jera kujeru, ya ƙara guda ɗaya da ba mai zama. Wilson ya tambaye shi ta wace ce.

"Ta Nnanna ce. Ya fita, amma maɓalli bai wuce ta ba tukuna."

Aka fara wasa. Maɓalli ya yi ta matsawa har ya iso gaban kujerar nan. Baba Yoila ya ajiye shi a wurin a hankali, aka buga zagayen shiru ba mai tsokanar wani. Tahir yana gefe a kan benci, ya sa hula ya rufe fuskarsa. Da aka gama, tsohon ya matsar da maɓallin, sannan ya ɗauke kujerar ya jingine ta da bango.

Ya zo ya zauna kusa da Tahir ya ce, "Lambarsa tana wayarka. Ka riƙa kiransa, kar ka gaji."

Har yau Tahir yana kiransa duk ranar Lahadi bayan la'asar. Nnanna yana ɗauka. Ya tambayi yara, ya tambayi zafin Maiduguri, wani lokaci har ya yi dariya. Maman Amaka ta ce yana sa kaftanin zuwa coci. Amma duk ranar da za su yi sallama, Tahir yakan ɗan jinkirta kafin ya kashe wayar, ko zai ji kalmar nan. Har yanzu dai "Malam Tahir" yake ce masa.

Darasi: Kada son da kake yi wa wani ya sa ka ɗauke masa nauyin da yake nasa ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Taimakon da aka gina a kan ƙarya cuta ce, kuma wanda ka yi dominsa shi yake fara jin zafinta. In mutum ya ba ka amanar idonsa, ka gaya masa gaskiya ko da za ta kayar da shi, domin faɗuwa ana tashi daga ita, amma suna da yarda in suka zube, da wuya a kwashe su duka. In labarin nan ya taɓa maka zuciya, ka tura wa abokinka na gaskiya, ka kuma yaɗa shi don wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya janye tasa kujerar.